Kamerar Kan Zanko

Duk wanda zai lissafa mutanen da Allah Ya yi wa Damagaram baiwa da su, ya tsallake sunan Mushe Illa, wato Malam Illa a bakin masu Faransanci, to bai yi wa tarihi adalci ba. Mushe Illa da bakinsa ya sha faɗin haka, kuma ba mutum ne mai yin ƙarya a kan kansa ba sai da dalili. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a wani babban biro, ofishi na gwamnati. Mahassada suna cewa falanto ne, wato mai ɗaukar takarda daga wannan ɗaki ya kai wancan. Shi kuwa cewa yake babu takardar da ta taɓa isa gaban babba ba ta bi ta hannunsa ba, kuma wannan gaskiya ce tsantsa.

Da ya ajiye aiki sai Allah Ya dubi matan unguwarsu ta cikin Birni da idon rahama. Mata ne talatin da biyu masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, sun haɗa ƙungiya, suna neman wanda zai rubuta musu takarda guda ɗaya da Faransanci. Ya rubuta. A ƙasan takardar akwai fili da aka bari don sa hannun shugaba, ya ga bai dace fili ya zauna haka a banza ba, sai ya sa nasa. Tun daga ranar ya zama Firazidan na matan da ba su zaɓe shi ba. Bai taɓa riƙe muciya ba, bai san zafin kasko ba, amma ya san inda ake buga hatimi, ya kuma ware wa kansa ɗaki a tsohon gidan da suke aiki, ya rubuta BIRO a ƙofar da shuɗin fenti.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko hularsa, wata doguwa mai tsayuwa ƙyam wadda matan suke kira Bene. Shekara ashirin ke nan ba wanda ya ga kan Mushe Illa babu ita, ko alwala a ɗaki yake yi kafin ya fito. Iyalinsa kaɗai suka san abin da ke ƙarƙashi, sai wanzaminsa, dukkansu kuwa mutane ne masu son zaman lafiya. Wanzamin in ya gama aiki yakan ja da baya ya ce, "Mushe, wannan suma taka ai sai samari su yi hassada." Na biyu kalmar nan ta hangen nesa. Ba ya jawabi uku bai sako ta sau goma ba, har ta zama sunansa. In ka shiga lungun ka tambayi gidan Mushe Illa a iya yi maka shiru, amma in ka ce Hangen-Nesa, har kurma zai nuna maka ƙofa.

Cikin hangen nesan nasa ne ya ƙirƙiro wata hikima da ya kira eshantiyo. Ma'anarta, a riƙa kai wa manyan gari ɗanɗanon man ƙungiya don sunanta ya ɗaukaka. Matan sun yarda, don a lokacin 'yar kwalba ce da ba ta fi tsawon yatsa ba. Abin da ba su sani ba shi ne kwalba ma tana girma. A shekara ta biyu ta zama lita, a ta huɗu ta zama bido, wato jarka guda, manyan garin da ake kai wa kuma suka ragu har suka koma mutum ɗaya, mai doguwar hula. Ranar Juma'a yake wannan hidima a magaza, ɗakin da ake ajiye man, bayan an sauko daga masallaci, ranar da mata ba sa zuwa aiki. Yakan aiki gardin gidan, wato mai gadi, Nomau, can Zango ya sayo masa ƙanƙara wajen wani mutum guda da ya ce tasa ta fi sanyi, don shugaba yana bukatar kaɗaici ya yi tunani.

Hajara ce ta fara ɗaga murya. Ita ce babbar matan, ita ke raba aiki, ita ke sanin gyaɗar da ta sha rana da wadda ba ta sha ba, kuma taubashiyar Mushe Illa ce, don haka ita kaɗai ke iya gaya masa magana ba ta tauna ba. Ta tsaya a ƙofar biro ta ce, "Illa, mai yana tafiya daga magaza. Bido ba shi da ƙafa."

Mushe Illa ya girgiza ƙwarai, kuma girgizar ta gaskiya ce. Ko a mafarki bai haɗa maganar da eshantiyo ba. A saninsa sata aikin ƙananan mutane ce, shugaba kuwa ɗauka yake yi. Ya tara mata a tsakar gida, ya gyara zaman Bene, ya ce, "Bon. Medam, lamarin nan babba ne. Mabuɗin magaza guda biyu ne a duniya. Ɗaya yana hannun Firazidan, wanda ba a magana a kansa. Ɗayan yana hannun gardi. Wala, shi ke nan. Ni ban ce komai ba, hankali ne ya faɗa."

Nomau yana tsugune a bakin zaure, ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji. Dattijo ne mutumin Tirmini, shekara goma sha ɗaya yana gadin gidan, ko ƙuli ɗaya bai taɓa kai wa bakinsa ba sai an miƙo masa. Rasa aikin bai dame shi kamar komawa gida da sunan ɓarawo ba, a garin da mahaifinsa ya yi ladanci har ya mutu, inda 'ya'yansa mata uku suke aure. Hajara ta ji tausayinsa har ranta ya ɓaci, ta ce ba za a kori kowa da zato ba. Aka tsaya a kan cewa za a jira shaida.

Shaidar kuwa ta zo da ƙafarta. Wata ƙungiyar agaji da ke taimakon masu sana'a ta ba su kamera biyu, da tele ta kallo, da fano, allon nan na hasken rana, saboda ɗaukewar wutar kuran, ta kuma turo mai kafawa. Sunansa Safiyanu, mutum ne mai kamar shekara arba'in, marar yawan magana, ya kafa irin waɗannan a shaguna da lakwal-lakwal, wato makarantu, har bai san adadinsu ba. Ya zagaya gidan sau biyu da igiyar awo a hannu, ya tsaya nan ya duba, ya koma can ya tsuguna, ya dubi inda rana take fitowa. Sannan ya zo ya yi bayani.

Ya ce, "Baba, ɗaya za ta zauna a kusurwar bangon nan, metir uku daga ƙasa, ta ɗan sunkuya tana kallon ƙofar magaza. Daga nan zuwa ƙofar metir huɗu ne, duk wanda ya shiga ko ya fito fuskarsa za ta fito sarai. Ɗayar a cikin zaure, ta ba rana baya, don in ta fuskanci haske mutum baƙin inuwa kawai zai zama. A rage reshen dogon yaron can, yana tare gefe."

Mushe Illa ya saurare shi da irin murmushin da babba ke yi wa mai ƙaramin sani. Ya ce, "Metir huɗu? An ɗauko na'ura daga ƙasar waje, ta hau jirgi, ta hau mota, don ta zo ta ga metir huɗu? Ai metir huɗu ko Nomau yana gani, da hakiyarsa. Ɗana, ɗaga kanka."

Safiyanu ya ɗaga. Gidan tsohon gini ne na ƙasa, da soro mai hawa biyu, a kan soron kuma ga zanko ya miƙe sama, irin wanda magina na da suke ƙawata gidan mai hali da shi.

"Can za ta hau," in ji Mushe Illa. "Daga can tana ganin tsakar gida, tana ganin lungu, tana ganin titi, in gari ya yi wasai har hanyar Mirriya. Kuma duk mai wucewa zai ɗaga kai ya san gidan nan akwai sekirite, akwai tsaro. Wannan shi ake kira hangen nesa."

Safiyanu ya ce, "Baba, za ta gani, amma ba za ta gane ba. Gani daban, ganewa daban. Daga metir goma sha biyar iyakarta ta gaya maka wancan mutum ne ba akuya ba. Ga shi ƙofar magazar tana gindin soron, in ta leƙo daga sama tsakiyar kai kawai za ta samu."

"Sa sufi, ya isa haka. Ni na yi aiki da Turawa tun kana goyo."

Bai taɓa aiki da Bature ba, sai dai ya taɓa riƙe wa wani laima a bakin mota, amma wannan ba wurin tone-tone ba ne. Safiyanu ya dubi Hajara, Hajara ta dubi sama, ya ɗauki tsani. Nomau ne ya riƙe masa ƙafar tsanin, yana addu'a a zuci Allah Ya sa abin nan ya wanke shi, ko daga ina aka rataye shi.

Saura ta biyu. A nan ma Mushe Illa ya riga ya yi tunani mai zurfi. Ya ce a kafa ta cikin biro, tana kallon kujerarsa, domin 'yan baya su ga yadda ake shugabanci. A wannan karon ya zama mai tsanani a kan ƙa'ida. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa tele, ya ce a sauko da ita kaɗan, hancinsa ya yi faɗi. Ya ce a matso da ita, ba a ganin aikin wuyan rigarsa. Ya ce hasken taga yana duhunta masa fuska, a mayar da ita gefen tagar. Sai da aka yi kusan awa guda ana gyara, har fuskar Firazidan ta fito tas, ana iya ƙirga gashin gemunsa. Safiyanu ya auna tazarar don sabo, ya ga metir uku da rabi, ya naɗe igiyarsa.

Washegari aka yi bikin buɗewa, don a wurin Mushe Illa ko ƙusa aka kafa sai an buɗe ta. Ya sa aka ɗaura zare a ƙofar biro ya yanke da almakashi. Ya ce, "Medam, daga yau gidan nan ya shiga zamani. Ido yana sama, ba ya barci, ba ya karɓar goro. Wanda ya san hannunsa da maiƙo, ya fara haɗa kayansa." Bai dubi Nomau ba, ya dai juya Bene wajen da yake tsugune.

Kwana shida kamerar kan zanko tana aiki ba hutawa, kuma a faɗi gaskiya ta ga duniya. Ta ga awakin maƙwabta suna cin takarda. Ta ga rufin gidaje, da shanyar wata amarya, da 'yan kabu-kabu suna wucewa kamar ƙudaje. Wata kurciya ta mayar da ita wurin hutawa, har rabin Damagaram ya koma fari a tele sai da aka hau aka goge. Mushe Illa yakan kira baƙi su zo su gani, ya nuna wani ɗigo da bakin alƙalami ya ce wancan babbar motar Mirriya ce. Baƙin su ce lalle, don an ba su shayi.

Ran Asabar da safe Hajara ta buɗe magaza ta tarar bido ɗaya ya sake yin ƙafa. Mushe Illa ya ji labari, farin ciki ya kama shi har ya kasa ɓoyewa. Ya buga wa Safiyanu salula, ya sa aka fito da tele bakin ƙofar biro inda kowa zai gani, mata suka zazzauna a tabarmi. Nomau ya zo da 'yar jakarsa a rataye, ya riga ya ɗaure buzunsa da butarsa, don ya san in abin nan bai nuna kowa ba, shi za a nuna.

Safiyanu ya yi ta gudu da hoton jiya, tsakar gida fayau ba kowa. Can sai ga wani abu ya ɓullo daga gefe. Daga sama ba ka ce mutum ba ne, wani dunƙulen farin yadi ne mai faɗi, yana tafe yana rangaji, a tsakiyarsa kuma wani faifai yana ƙyalli cikin rana. Abin ya tsaya a gindin soro, ya ɓace, jim kaɗan ya fito yana jan bido.

"Tsaya nan," in ji Mushe Illa. Ya matso da sandarsa, zuciyarsa fes. Ya san shi ma ya shiga magazar jiya, amma shi dogo ne, mai kwarjini, mai suma irin ta samari, don haka wannan gajeren abin wani ne ya biyo bayansa. Ya ƙwanƙwasa gilashin tele ya ce, "Medam, ga shi. Ku dubi tafiyarsa, tafiyar marar asali. Ku dubi tumbi, na cin haram ne. Atansiyo, ku dubi kai. Sanƙo ne, tal, kamar bayan ƙwarya. Ni a biro na koyi karatun mutane, mai irin wannan kai ba a ba shi ajiya. Fuska fa? Safiyanu, kawo mana fuskar."

"Babu fuska, Baba. Na gaya maka."

"Ba komai. Kan ya isa shaida. Nomau, cire hularka."

Nomau ya miƙe a hankali. Abin kunya ne a ce dattijo ya tuɓe hula a gaban mata, kuma kowa a wurin ya ji nauyin haka. Ya sa hannu biyu ya cire ta. Furfura ce cunkus, fara sol, ko wurin sa yatsa babu. Ya tsaya da hular a hannu yana kallon ƙasa.

Hajara ta dubi kan Nomau, ta dubi kan Safiyanu da ba ya sa hula, ta dubi tele, sannan ta juyo a hankali. Ta ce, "To, mabuɗi biyu ne a duniya, kai ka faɗa. Hula kuma saura ɗaya a gidan nan."

Mushe Illa ya dafe Bene da hannu. Ya ce wannan raini ne ga muƙami, ya ce a ƙasashen da suka ci gaba ba a tuɓe Firazidan, ya ce wasan taubasai yana da iyaka. Yana cikin kawo misali da tsarin mulki, Safiyanu ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Bari mu ga ko ta cikin biro ta ga wanda ya wuce a lokacin." Ya danna.

Ai kuwa sai ga Firazidan ya cika tele, tas da shi, aikin wuyan riga yana sheƙi. Ga shi yana miƙa wa Nomau kulan ƙanƙara, ga shi ya bi bayansa da kallo, ya saurara har ya tabbata gida ya zama nasa. Sai ya sa hannu biyu ya sauke Bene a kan tebur, ya sunkuya yana fifita kansa da wata takarda mai hatimi, faifan nan ya dubi kamera ido da ido. Ya tashi ya fita. Bayan minti uku ya dawo yana nishi, ya tura bido ƙarƙashin tebur, ya lulluɓe shi da darduma, ya ciro ƙuli ɗaya daga aljihu ya jefa a baki.

Wata daga bayan tabarma ce ta fara, ta toshe baki da mayafi abin ya ƙi tsayawa, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Nomau kaɗai bai yi dariya ba. Ya mayar da hularsa, ya sauke jakar daga kafaɗa ya ajiye, hawaye suna bin furfurar gemunsa. Mushe Illa ya ce, "Eshantiyo ne," amma kalmar ta fito 'yar ƙarama, kamar kwalbar farko.

Hajara ba ta tsaya dogon zance ba. Ta miƙa hannu, ya ciro mabuɗi ya sa mata, ta juya ta ba Nomau, ta ce, "Baba Nomau, riƙe duka biyun, ka yafe mana." Ta ce wa Safiyanu gobe ya sauko da ta kan zanko ya kai ta kusurwar da ya nuna tun farko. Ta cikin biro kuma a bar ta inda take, tana da amfani. Mata suka naɗe tabarmi suka koma bakin kasko, suna tafe suna kwaikwayon tafiyar marar asali.

Aka bar Mushe Illa da Safiyanu a gaban tele. Ya daɗe yana kallon hoton da aka tsayar, inda ya sunkuya yana fifita. Maganar bido ba ta tsaya masa a rai ba, wannan a ganinsa rashin fahimtar aikin biro ne irin na mata. Wani abu ne dabam yake cin sa. Ya waiga ya tabbata ba mai ji, ya rage murya, ya nuna tsakiyar faifan da ɗan yatsa.

"Ɗana, wannan farin wurin. Hasken taga ne ya yi wa na'urar yawa, ko?"

Safiyanu ya ci gaba da naɗe wayarsa. Ya ce, "A'a, Baba. Duk gidan nan ita kaɗai aka kafa bisa ƙa'ida. Kai ma ka gyara ta da kanka."